Musayar waƙa: sabbin albam na folk metal, su sunka gaji ko kunnena ne?

Ɗan Mafara

Salamu alaikum jama'a. Yau ba siyasa ba ƙwallo, kiɗin nan da aka ce ma folk metal nika son mu taɓa, wanda aka haɗa gitar lantarki mai ƙugi da goge da sarewa da gangunan kakanni, don albam ɗin da manyan ƙungiyoyin Turai sunka saki 2024 da 2025 na bi su ɗaya bayan ɗaya har data ta ƙare man kuma wallahi raina bai kwanta ba. Doka tana nan yadda take, mai amsawa shi amsa da baiti.

Na toshe kunne da iyafis na miƙe,
Ban tsallake ko waƙa guda ba.

Korpiklaani mutanen Finlan,
Rankarumpu bai tada man tsikar jiki ba.

Akodiyon na nan, goge na nan,
Amma ba su ce man komi sabo ba.

Ensiferum sun kawo Winter Storm,
Sanyin nasu bai kai man ga ƙashi ba.

Eluveitie na Suwizalan sun dawo,
Ba su kamo ƙahwar Slania ba.

Wancan albam nasu na 2008 in ya tashi,
Ba ka zama ba ka gyaɗa kai ba.

Yanzu komi sumul komi tsab,
Awa shinkahwar inji, ba ka tauna tsakuwa ba,

Hwara tas, ƙwaya duk tsawo guda,
Amma ba ta yi ƙanshin 'yar gida ba.

To ku gaya man, su sunka gaji,
Ko kunnena ne bai warke ba?

Kawu na Argungu

Ɗana, kai da abin da kaka ɓata kuɗinka kai. To ga tawa.

Ɗana ka ɓata dare ga banza,
Kana biɗar daɗi cikin hargowa.

Na ji wanga kiɗi ga wayar jikana,
Nit tambaya ko wani ne ka mutuwa.

Ƙato shi buɗe baki shi yi gurnani,
Ba kalma guda mai tsintuwa.

Da anka hwassara man, rabi giya suka yabo,
Rabi gumakan da sunka daɗe da rushewa.

Mu nan Kabi da Zamfara mun san kiɗi,
Kotson Ɗanƙwairo bai buƙatar tsawa.

Narambaɗa in ya ɗauko baiti,
Ma'ana ka bin ma'ana tana hauhawa.

Sani Sabulu na Kanoma da kalangunai,
Magana shika yi, kiɗi na amsawa.

In shinkahwar gida kaka marmari,
Taho Argungu, tamu ba ta ƙarewa.

'Yar Zuru

Kawu a gafarce ni zan shiga maganar manya. Yaya Ɗan Mafara kai ma ban bar ka ba.

Kawu ina gaisuwa da ladabi,
Amma yau ban bi ka ba gaba ɗaya.

Yaya kai kuma ga laifinka,
Ka tsaya Turai kamar nan ce duniya.

Je ka saurari The Hu da kyau,
Samarin da suka taso daga Mongoliya.

Gogensu kan doki gare shi a sassaƙe,
Tsirkiya biyu, asalinta tsagiya,

Irin wadda mai gogenmu ke shafa wa ƙaro
In zai yi wasa a gidan amarya.

Gurnanin da Kawu ya tsana, a wajensu
Waƙar maƙogwaro ce ta makiyaya,

Tun ba a ƙera gitar lantarki ba
Suke yin ta, gado ce ba ta haya.

Albam ɗin The Hu, The Gereg, ya fito a 2019,
Rumble of Thunder a 2022 ya biyo baya.

Sai Bloodywood na birnin Delhi,
Da gangar dhol da sarewar Indiya.

Kunna albam ɗinsu Rakshak ka ji dukan fata,
Ganga ke gaba, gita na bi da biyayya.

Ni gwajin da nake wa kowane albam guda ne, in ina ji sai in cire gitar a raina in ga me ya rage, in waƙar ta tsaya da ƙafarta to ta gargajiya ce da gaske, in kuwa ta zube to gogen nan ado ne kawai aka rataya mata don a sayar. Da yawa daga na Turai na yanzu zubewa suke, wannan na yarda da kai Yaya, amma ba kiɗan ne ya mutu ba, gida ya sake.

Baban Ummi

Ni dai ina gefe ina karatu, ban san ko ɗaya cikin mutanen ga ba.

Ɗan Mafara

Baban Ummi doka, baiti ko tara.

Baban Ummi

Ni ban san Hu ba ban san Ha ba,
Ku ci gaba, ban ce komi ba.

Ga shi nan na biya.

Mai Sitidiyo Gusau

Hahaha Baban Ummi an karɓa. To ni da nike zaune gaban kwamfuta kullum ina haɗa ma yara waƙar biki da ta siyasa bari in hwaɗa maku inda shinkahwar Ɗan Mafara taka rasa ƙanshi, don ba sihiri ba ne aikin hannunmu ne, kuma abin da Turawa suka yi ma gogensu shi muka yi ma kalangunmu nan ba bambanci.

Mai ganga ya buga da hannunai,
Sai mu jawo layi mu daidaita shi.

In ya yi gaggawa ko ya makara,
Kwamfuta ta ja shi ta miƙe shi.

Dukan da yay yi rauni mu share,
Mu ɗauko na cikin inji mu maye shi.

Sauti mu matse shi shi cika sifika,
Har ba sauran wurin numfashi.

Goge abu ne mai son sarari,
In gita huɗu sunka hau sun danne shi.

Sai mu ɗaga shi kaɗan ga buɗe waƙa
Don a san akwai, sannan mu binne shi.

Nan gida ma kalangun waƙar biki
Cikin fiyano shike, da yatsa muka taɓa shi.

Mai kalangun gaske na zaune bakin kasuwa,
Ba mai kira nai bale shi biya shi.

Ku koma ku ji albam na farko na Skyclad na Ingila, na 1991, wanda da yawa suka cewa daga nan abin ya hwaro. Gogen ma kaɗan ne a ciki kuma sautin a cakuɗe shike, wani wurin sai ka ɗauka sifikarka ce tal lalace, amma kana jin mutane ne tsaye suna zuhwa. Yanzu kuwa mai goge na iya zama wata ƙasa shi turo nashi ta intanet bai taɓa haɗa ido da mai ganga ba, to ta ina za su amsa ma juna? Kuma masu saurare ma da laihinsu, mutum bai ba waƙa minti guda, in ba ta kama shi ba ya latsa ta gaba, shi ya sa kowa ka zuba duk abin da shike da shi tun daga hwarko.

Ɗan Mafara

Mai Sitidiyo Allah shi biya ka, ka hwaɗi abin da nika ji ban san sunanshi ba. Ƙanwata ke kuma tsaya, ba ki tsira ba.

Ƙanwata na ji, kuma na san The Hu,
Ba yau nih hwara jin su ba.

The Gereg ba ni da ja a kainai,
Na biyun ne bai kai shi ba.

Da sunka hau manyan dandamalin Amurka,
Ba su dawo da ƙurar jejinsu ba.

Bloodywood sun sako Nu Delhi a 2025,
Ni ban ce ba su iya ba,

Amma rap na Turanci in ya shigo,
Dhol ba ta samu wurin magana ba.

Gwajin naki na ɗauka na gwada,
Wasu waƙoƙin nasu ma ba su tsaya ba.

Duk wanda kasuwa tak karɓa,
Ba ta bar shi bai bi ta injin ba.

Ɗan Kamba

Ina kan hanya ne sai yanzu netwok ya dawo. Ku duka kun ban mamaki wallahi.

Kuna ta Finlan kuna ta Delhi,
Kun manta da namu na Afirka.

Ni mai zuwa Lome ɗauko mota,
Can nij ji abin da zan ba ka.

Arka'n Asrafokor 'yan Togo,
Da harshen Ewe suka waƙa.

Zã Keli tun 2019,
Dzikkuh a 2024 sunka saka.

Gangunan hannu da ƙararrawar ƙarhe
Su ad da gida, gita baƙuwa ce tas sauka.

Kiɗin mayaƙa ne, in ya kankama
Sai ka ji jini na gudu a jikinka.

Na kunna shi tsakanin Parakou da Malanville,
Yaron mota yac ce oga rage gudunka.

In ka haura Nijar ga Mdou Moctar,
Ba metal ba ne, kar in ruɗe ka,

Amma Funeral for Justice in ka ji,
Gitar Abzinawa ta ishe ka.

Ɗan Mafara wanga kam ba ta bi ta inji ba tukuna, da tsakuwarta, ka tauna a hankali.

Kawu na Argungu

Na so in yi shiru amma Ɗan Kamba ya taɓo inda ba ni iya haƙuri.

Ɗan Kamba ka ce kiɗin mayaƙa,
To ina kab baro kiɗin tauri?

Kassu Zurmi in ya yi kiran maza,
Ƙato shi zabura shi yi kirari.

Wuƙa ga ciki, wuƙa ga wuya,
Ƙura ta tashi ta ruhe gari.

Ba lantarki ba janareto,
Hwata ce da makaɗi tun hwari.

Ɗan Anace in ya kira Shago,
Dambe shi ɗau zahi da wuri.

Na gani da idona ina yaro,
Ba a waya ba, tsakiyar taron gari,

Mata bisa katanga suna guɗa,
Dogarai na korar yara da saurin gari... 

a'a wannan baitin ya karye, ku bar shi hakanan, tsuhwa ce. Abin da nika nuhi dai in zahi kuka so mai ma'ana ga shi nan gida, ba sai kun je Togo ba.

'Yar Zuru

Kawu ai ka shigo hannu da kanka 😂

Kawu abin da ka yaba yanzun nan
Shi muke ta nema tun jiya.

Mongoliya ba su jefar da gogensu ba,
Sun ɗora shi a dandamalin duniya.

Mu ma a Zuru ranar Uhola
Ganga na girgiza ƙasa gaba ɗaya.

Me ya hana tauri ya hau gita,
Ko sai Bature ya zo ya ɗauka mu saya?

Mai Sitidiyo ƙalubale gare ka,
Kira mai kalangun nan ka biya.

Mai Sitidiyo Gusau

Malama magana da baki sauƙi gare ta. Kalangu ba ganga ba ce kawai da za ka ce ta riƙe lokaci, makaɗi na matse igiyoyin a hammata shi sassauta, sautin na hawa na sauka shina bin muryar magana, shi ya sa ɗan tauri ka jin takenai shi tashi tun ba a ambaci sunanai ba, to gita mai ƙugi in ka sake ta daidai wurin nan taka cikawa, sai kalangun shi koma ƙwanƙwasa kawai ba mai jin mi shika cewa.

Kalangu magana shika yi,
In ka ruhe bakinai ka kashe shi.

Sai dai gita ta yi shiru shi hwaɗi tashi,
In ya dire ta amsa mashi.

Bes ta zauna ƙasa ta riƙe gindi,
Ta bar tsakiya fili gare shi.

Mai bugun jita irin wagga a Gusau,
Ku nemo man, ni ban san shi.

Ga man janareto, ga kuɗin makaɗi,
Wa zai ɗauka? Ku ambace shi.

Ɗan Kamba

Mai a wuyana, jarka guda,
In na dawo Lome zan kawo maka.

Mai gita kuwa ku duba Birnin Kebbi,
Yaran coci sun iya, ni ka gaya maka.

Ɗan Mafara

Kuɗin makaɗi ni da 'Yar Zuru mu raba, amma da sharaɗi.

In ya yi sauri ka bar shi da saurinai,
Ban yarda ka ja shi bisa layi ba.

Ɗaki guda za su tsaya su duka,
Ban yarda da turo naka ta waya ba.

Kawu na Argungu

Ku yi abinku ni ba ni hana ku,
Yaran zamani ba su hanuwa.

Amma in kunka sa gurnanin nan,
Kar wanda yac ce da ni anka yi shawarar haɗawa.