Masu shiga daji da mota, wa ya taɓa ɗaga tasa? A zo a ba mu labari

Abban Sadiq, Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai injin fetur 2.7, da ita nake zuwa gona can gaban Tudun Wada, hanyar Doguwa. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gonar da rani bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma bara a watan Agusta sau uku ina kafewa. Na ƙarshen sai da aka kwanto shanun huɗa daga gonar maƙwabci suka fizgo ni, yaran ƙauye na tsaye suna ta shewa. Bakanikena ya ce a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi, a ƙera ƙarfen gaba a ɗora winci, wato na'urar nan mai naɗe igiyar ƙarfe ta fizgo mota in ta kafe. Wani abokina kuma ya ce duk wahala ce, in sayar in nemi tsohuwar Land Cruiser in huta. Kafin in zuba kuɗi ina so in ji daga bakin wanda ya yi, ba wanda ya gani a Facebook ba.

Baba Direba, Kurna

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a kai ga maganar ɗagawa amsa mini biyu. Ranar da ka kafe, iska nawa ce a tayarka? Kuma ogzilari, giyar nan da ke sa tayoyi huɗu su ja, ka sa ta tun kana kan tudu ko sai da ka nutse?

Na yi shekaru ina jan masu haƙa rijiyar burtsatse, Ɓaɓura, Maigatari, har Machina da Yusufari inda rairayi ke cinye taya kamar gari. Land Cruiser ce a hannuna mai injin gas 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Yadda ta fito daga kamfani haka muka tsufa tare, da siririyar tayarta 7.50R16. Kayan da ba na rabuwa da su: shebur, katako biyu masu kauri, igiya, jak da famfon ƙafa. In mun iso bakin yashi sai in sauka in rage iska, daga 40 ta dawo 18 ko 20, taya ta baje kamar tafin raƙumi. In murɗa makullin tayoyin gaba da hannu, in sa ƙaramar ogzilari, in ɗauki giya ta biyu, ƙafa a kan totur ba ƙari ba ragi. Da mun hau burji yaron mota ya sauka ya yi ta taka famfo yana tsine mini a zuci. Kuma da ka hau kwalta ka cire fowil, wato jan tayoyi huɗu, don irin waɗannan motocin gaba da baya a ɗaure suke tafiya, in ƙasa ba ta ba taya damar zamewa ba, giya da farfela, ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyi, su za su sha wuyar.

Abban Sadiq, Hotoro

Baba ka kama ni. Iska 45 mai faci ya cika mini saboda buhunan taki, kuma sai da taɓo ya kai ƙofa na tuna da ogzilari.

Ɗan Gwale

Ni na yi duk abin da bakanikenka ya lissafa, har da ƙari, don haka saurara. Na sa aka ƙara mata tsawo da ƙarafa a ƙarƙashin sifirin, na sayi tayoyi masu manyan haƙora, mai walda ya ƙera mini ƙarfen gaba da bututu mai kaurin da sai mutum uku suka ɗaga shi. Fitilu kuwa a saman kai kamar filin ƙwallo. Ranar da na fito da ita daga gareji, wallahi har 'yan adaidaita ba ni hanya suke.

Wata uku daɗin ya yi. Farko mai. Babbar taya nauyi gare ta, injin sai ya yi nishi kafin ya juya ta, ga shi ban daɗe da gama aikin ba aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Na biyu, agogon gudu ya koma yi mini ƙarya, yana nuna ƙasa da ainihin gudun da nake yi, tunda lissafinsa na ƙaramar taya ne. Birki ya daina kamawa yadda na saba. Boris da robobin ƙafar gaba kuwa na canja har mai shagon ya haddace lambar motata. Ga kukan taya a kwalta, wuuu, daga Na'ibawa har Zariya, uwargida ta ce ita dai ta haƙura da tafiya a cikinta.

Abin da ya sa na warware aikin, wani yammaci wajen Kwanar Ɗangora akuya ta faɗo mini, na kauce, sai na ji tayoyin gefe ɗaya sun bar ƙasa. Allah ya kiyaye ta dawo ta zauna. Ga buhu shida a kan kariyar ɗora kaya ta saman mota, ga mota an ɗaga ta sama, nauyin duk ya koma kai. Laifina ne da na wanda ya yi aikin da ido ba awo, ba na motar ba. A shekara sau nawa ma nake shiga daji? Bai fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran kwanakin a cunkoson Kantin Kwari take.

Injiniya, Sharaɗa

Ƙarin bayani a kan na Ɗan Gwale. Ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin mota ta baya, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun aksul, wato kumburin nan da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Ko kamu nawa ka ɗaga sifirin, bodi da shasi ne suka tashi, tulun yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma rabin abin da ka ƙara wa tsawon tayar yake samu. Shi ya sa za ka ga mota kamar bene amma ta zauna daram a kan kunyar da tarakta ta bari. In ɗagawar ta zama dole, kaɗan ta isa, da sifirin da shok da aka yi su don juna. Winci kuma sai da abin ɗaurawa. A fadamar da ba ko kuka ɗaya, wa za ka ɗaura wa?

Maman Ilham, Gyaɗi-Gyaɗi

Ni matsalata ruwa ce ba yashi ba. Ina noman shinkafa wajen Kadawa, Prado nake shiga da ita. Wata damina direbana ya faɗa wani kwari da ruwa ya cika, da gudu wai don kada ta tsaya, ruwa ya taso ya rufe bonet ta mutu a tsakiya. Sa'ar da muka ci wani dattijo a bakin hanya ya daka masa tsawa kada ya sake murɗa makulli. Aka ja ta, aka kwance fulogi, aka juya injin, ruwa ya riƙa tsartuwa ta ramukan. Bakanike ya ce da ya matsa sai ta tashi da ƙarfen fistin ya lanƙwashe, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Bayan nan na sa mata bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi, kuma ko da hunturu yana da rana, ƙura ba ta cika cushe matatar iska kamar da. Abin da ba wanda ya faɗa mini sai da aksul ya fara kuka: in an ratsa ruwa a duba mansa. Da aka zuke nawa fari ne kamar kunun gyaɗa.

Alhajin Fagge

To duk kun gama, ba wanda ya ambaci Patrol. Tawa mai TD42 ce, ita ma gas, 4.2, ta kai ni Damagaram da Agadas ta dawo ba ta ce uffan ba. 'Yan Toyota dai yawa ne ya yi muku rana.

Ɗan Gwale

Alhaji ranka ya daɗe, yaƙin Chadi da Libiya na 1987 har yau sunan wace mota ake kiransa da shi? Yaƙin Toyota ake cewa, ba a ce yaƙin Patrol ba.

Malam na Ɗorayi

In tarihi za a buga, Pajero sau 12 tana cin tseren Dakar. An daina ƙera ta a 2021 amma tawa tana nan, kuma ko an ba ni biyu a madadinta ba na so. Mahaifina kuma har ya rasu, Allah ya jiƙansa, duk motar da ba Land Rover ba a wurinsa a-kori-kura ce.

Ɗan Ƙofar Ruwa

Allah ya jiƙan Baba. Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni kayan mota nake sayarwa, kullum ina ganin wannan rigimar a bakin shago. Da yawan masu rantsuwa da mota, in ka bi diddigi, bakanikensu suke so. Mutum ya shekara ashirin da bakanike ɗaya a Kwakwaci, shi kuma Toyota ya koya a wurin ubangidansa, to me kake so ya ce a saya? Kayan Hilux da Land Cruiser, sabo da ɗan Beljiyam, in ka shigo kasuwa da hantsi kafin azahar ka fita da shi. Na wasu motocin sai mu ce ka ba mu kwana biyu mu buga waya Legas, ba don motar ba ta da kyau ba, don masu ita ba su da yawa ba ma ajiyewa. Haka in ka tashi sayarwa, dillali ya ga Hilux jikinsa na rawa. Amma wadda aka yanka aka yi wa walda, aka huda ko'ina don fitilu, kuɗinta sauka yake yi, mai saye zai ce an wahalar da ita a daji ko da Zoo Road kawai take zagayawa.

Alhajin Fagge

Yaro ka faɗi gaskiya, amma ka ajiye mini kuloci in ya shigo.

Abban Sadiq, Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar sayarwa na ajiye ta. Zan canja tayoyi zuwa masu ɗan haƙora amma girmansu ɗaya da na yanzu, in sayi famfo mai aiki da batir, shebur da igiya mai kyau. Hajiya, gobe in sha Allahu zan sa a duba man aksul, don tun kafewar bara ba a buɗe shi ba. Ƙarfen gaba da winci sai na ga yadda daminar bana ta kaya.

Baba Direba, Kurna

Ka haɗa da katako biyu, na gyaran rufi ma ya isa. Lambar mai shanun nan kuma kada ka goge ta, kuma in za ka wuce ka riƙa sauke masa goro tun kafin Agusta.