Me ya sa injina yake ta lilo da zarar iska ta wuce mita 11.4 a daƙiƙa?

Sadiq:
Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu kan injin samar da lantarki da iska mai shawagi a teku, kwana huɗu ke nan abu ɗaya ya hana ni barci. Na ɗauki samfurin injin cibiyar binciken makamashi ta Amurka, NREL, mai megawat 5 a OpenFAST, manhajar kwaikwayon injin iska a kwamfuta, na ɗora shi kan dogon dandamali mai shawagi irin na injin Hywind na Norway, na bar masa kwanturolan da aka yi wa injin tudu, wato tsarin da ke sarrafa fikafikai da janareta. Ƙasa da mita 11.4 a daƙiƙa, lafiya lau. Da na kai iskar 13 sai hasumiyar ta fara sunkuyawa gaba tana komawa baya, kowane zagaye wajen daƙiƙa 30, kuma lilon ya ƙi mutuwa. Na kwantar da ruwan gaba ɗaya, ba igiyar ruwa ko ɗaya, duk da haka bai daina ba. Sarƙoƙin anga kuwa sau uku na duba su. A ina na yi kuskure?

Injiniya Hauwa:
Wa alaikumus salam. Rabu da sarƙoƙi, ƙanena, kwanturolan ne ke tura lilon. Daga 11.4 zuwa sama aikinsa ya riƙe fankar a zagaye 12.1 a minti, saboda haka duk lokacin da iska ta ƙaru sai ya karkatar da fikafikai su zubar da ita, turin da ke kan fanka ya ragu. To, ka lura. Idan hasumiya ta sunkuyo gaba, ta shiga cikin iska ke nan, fanka ta ji kamar iskar ta ƙaru. Kwanturola ya sassauta fikafikai, turin da ke tare hasumiyar ya ragu, sai ta ƙara faɗawa gaba. Idan ta juya baya kuma, fanka ta ji iska ta ragu, ya kamo iska da yawa, ya ƙara hankaɗa ta baya. Kamar mai tura yaro a lilo, daidai lokacin da ya dace yake turawa.

A tudu ba ka ganin wannan domin hasumiya tana kaɗawa cikin daƙiƙa 3 ko makamancin haka, kwanturola bai isa ya bi ta ba. Naka dandamalin mai jinkiri ne, kwanturola yana da lokacin binsa sarai. Masu bincike Larsen da Hanson sun yi bayanin wannan matsala tun 2007. Sauke mitar kwanturolan, wato saurin martaninsa, daga radiyan 0.6 a daƙiƙa zuwa 0.2, ƙasa da ta lilon, kamar yadda aka yi a OC3-Hywind, samfurin bincike na wannan injin a kan irin dandamalinka. A can ma sun tsayar da ƙarfin murɗa na janareta wuri ɗaya maimakon tsayar da wutar da yake bayarwa.

Sadiq:
Allah Ya saka da alheri, Aunty. Na sauke zuwa 0.2, lilon ya lafa. Amma da na sa iska mai hargitsi sai gudun fankar ya riƙa tsallake 12.1 sosai. Haka zan miƙa wa malamina?

Baban Zara:
Kada ka miƙa. Ka kashe wata wutar ka kunna wata. Kwanturolan da ka mayar malalaci, guguwa za ta zo ta wuce kafin ya motsa fikafikai, kuma a injin gaske gudun da ya wuce iyaka kashe injin yake sa a yi. Ni ban taɓa ɗaukar sauke mita a matsayin magani ba, mafari ne na kwatance. Kwanturola bai san dandamali na motsi ba, to ka sanar da shi: auna saurin sunkuyawar kan hasumiya, ka tace, ka haɗa shi cikin umarnin fikafikai. ROSCO, wani kwanturola na NREL, na da wannan hanyar a shirye. Ka gudanar da ukun, na tudu, na 0.2, da mai jin motsin dandamali, a iskar 12, 13 da 14, inda abin ya fi tsanani. Ka kula da alamar (+ ko -) lambar da za ka ninka saurin sunkuyawar da ita, idan ka juya ta lilon zai fi na farko muni.