Yadda za a sa wakilin AI ya riƙa ganin abin da ya gina a Blender

Sadiq3D:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wakilin AI (AI mai aiwatar da ayyuka da kansa) da Blender, manhajar zanen 3D, ta hanyar MCP, tsarin da ke haɗa AI da wasu manhajoji, yana rubuta Python yana gina falo: kujeru, tebur, fitilu da rubutu a bango. Matsalar ita ce zai ce ya gama, amma kujera tana shawagi a iska, ƙafar tebur ta nutse cikin daɓe. Ina so ya riƙa ganin aikin kafin ya ce ya kammala. Hoton allo zan riƙa tura masa ko cikakken renda, wato hoton ƙarshe da manhajar ke fitarwa? Kuma girman hoton nawa ya dace?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Tsarin MCP, tun da Anthropic ta fitar da shi a Nuwamba 2024, ya yarda kayan aiki su mayar da hoto a matsayin amsa, ba rubutu kaɗai ba. To ka ƙara kayan aiki guda wanda zai ɗauki hoto, ya mayar da shi base64 (hanyar rubuta hoto da haruffa), ya miƙa wa wakilin tare da nau'insa, PNG ko JPEG. Idan sunan fayil kawai ka mayar masa, bai ga komai ba, kuma zai iya ba ka bayanin hoton da bai taɓa gani ba.

Kada ka fara da cikakken renda. Don duba wurin zaman kaya, Workbench, injin renda mafi sauƙi na Blender, ya ishe ka, yana fitowa nan take. Ka sa `color_type` ya zama RANDOM don kowane abu ya samu launinsa daban, sai wakilin ya gane inda kujera ta ƙare, tebur ya fara. Sauran injinan renda, Eevee ko Cycles, sai an zo maganar haske da kamannin jikin kaya, shi ma da samples (yawan lissafin kowane fiksel) 16 zuwa 32 da mai share dishi-dishi a kunne.

Babban kuskuren shi ne hoto ɗaya daga kyamarar da za a yi renda da ita. Daga wannan kusurwa, kujerar da ta ɗaga santimita 10 daga ƙasa za ta yi kamar tana zaune daram. Ka kafa wasu kyamarori uku na ORTHO, waɗanda nisa ba ya rage girman abu a cikinsu: gaba, gefe da sama. A na gefe ne shawagi da nutsewa suke bayyana. Ka tura huɗun daban-daban, kowanne da sunansa, don idan ka cusa su a hoto guda kowanne zai ƙanƙance.

Girma kuwa, faɗin fiksel 800 zuwa 1000 ya wadatar. A lissafin da ke takardun Claude, AI na Anthropic, faɗi sau tsayi a raba da 750 shi ne kusan adadin tokin (ma'aunin yawan abin da AI ke karantawa), wato hoto mai 1000 sau 1000 zai ci kusan 1,330. Hotuna huɗu a kowane zagaye, zagaye goma, ka haura 50,000 ke nan. Tura 4K asara ce, domin ana rage babban hoto kafin AI ɗin ya gan shi. In akwai ƙaramin wurin da ake shakka, a matsar da kyamara kusa a sake ɗauka.

Abu ɗaya kuma: tagar aiki (viewport) da renda ba kullum suke nuna abu ɗaya ba. `hide_viewport` daban, `hide_render` daban. Subdivision, mai ƙara wa siffa santsi, ma yana zuwa da mataki 1 a tagar aiki, 2 a renda. Don haka dubawar ƙarshe dole ta zama renda na gaske.

Hajara_Zane:
Na yarda da Injiniya, sai dai Malam Sadiq, matsalar kujerarka ba ta ido ba ce. Waɗannan samfuran AI sun iya cewa ɗaki ya yi duhu ko kaya sun cunkushe gefe guda, amma ba su da tabbas wajen auna tazara ko ƙirga abubuwa masu yawa. Duk abin da lamba za ta iya amsawa, kada a bar wa hoto.

Kusurwoyi takwas na `bound_box`, akwatin da ya kewaye abu, a ninka su da `matrix_world` don samun ainihin wurinsu, a ɗauki mafi ƙanƙantar Z, wato tsayi daga ƙasa. Idan daɓe yana kan sifili, kujera kuma ta ba da 0.1, tana iska. In ta ba da ƙasa da sifili, ta nutse. Kafin a karanta, a kira `view_layer.update`, in ba haka ba tsohon matsayi za a samu, wakilin ya yi ta gyara abin da ya riga ya gyaru. Sanin ko abu yana cikin firam kuwa, `world_to_camera_view` na ba da X da Y tsakanin 0 da 1 idan yana ciki, muddin Z ya fi sifili, wato yana gaban kyamara.

Launi ma akwai tarko. Daga Blender 4.0 tsarin nuna launi na AgX ne ke zuwa a kunne, kuma yana dusashe launi mai ƙarfi. Wakilin zai ga jan tambarin kamfani ya koɗe, ya shiga canza launin kayan, alhali kayan lafiya lau suke. In launin tambari ake dubawa, a koma Standard. Idan kuma abu ya fito ruwan hoda mai ƙarfi, fayil ɗin hoton da aka shimfiɗa a jikinsa ne ya ɓace, a gaya wa wakilin haka tun farko kada ya ɗauka ado ne.

Rubutun bangon in Hausa ne, a kula. Yawancin nau'o'in harafi na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su bar gurbi ko akwati, kuma wakilin kan karanta kalmar daidai don ya riga ya san abin da ya rubuta. A duba teburin haruffan fayil ɗin nau'in harafin da fontTools, kayan aikin Python, a nemi lambobin waɗannan haruffa: U+0253, U+0257, U+0199, U+01B4, da manyansu.

Sadiq3D:
Na gode ƙwarai. Na gwada, amma wani lokaci hoton baƙi ƙirin yake dawowa, wani lokaci Blender ya rufe kansa.

Malam_Nura:
Rufewar daga zaren aiki (thread, wato layin da lissafi ke gudana a kai) take. `bpy`, hanyar da Python ke sarrafa Blender, ba ya jure a kira shi daga wani zare daban, kuma sabar da ke karɓar umarni a wani zare take gudana. Ka jera umarnin a layi, `bpy.app.timers` ya riƙa ɗauka yana aiwatarwa a babban zare.

Baƙin hoto kuwa, ka duba uku: babu fitila kuma hasken World, wato na kewaye, na kan sifili, ko kyamara ta faɗa cikin bango, ko kayan sun wuce `clip_end`, iyakar nisan ganin kyamara, wanda a kyamarar farko mita 100 ne. A kwamfutar da ba ta da katin hoto, Cycles a kan CPU ne abin dogaro. Ka sa kayan aikin ya lissafa matsakaicin hasken hoton, in ya kusa sifili ya mayar da saƙon kuskure maimakon hoton.

Sannan kada ka tambaye shi "ya yi kyau?", zai ce eh. Ka ba shi tambayoyi masu amsa ɗaya: ƙafafu huɗu sun taɓa ƙasa? Inuwa ta faɗi ɓangaren da ya saba wa tagar ɗakin? Ka tsayar da shi bayan zagaye huɗu ko biyar, kana ajiye kwafin fayil ɗin kafin kowanne, saboda yana iya gyara fitila ya ɓata kyamara, ya dawo ya gyara kyamara ya ɓata fitila. Kyamarorin dubawar ka hana shi taɓa su, in ba haka ba babu yadda za a kwatanta hoton da da na yanzu.