Takalmin gudu marar tokari: lamba da laushin soso, me kuka gani?

Mai gudun asuba, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan sayi takalmin gudu irin wanda ba a sa masa tokari ta gefen ciki ba, kamar Pegasus na Nike ko Ghost na Brooks, tunda ƙafata ba ta karkacewa ciki in na taka. A kwalta nake gudu. Lambar da na saba zan ɗauka? Kuma mai laushi sosai ya fi?

Daga Jos: Wa alaikumus salam. Ƙara rabin lamba, malam, domin ƙafa kumbura take in gudu ya yi nisa. Ni da yamma nake zuwa gwaji, sanye da safar da nake gudu da ita. In miƙe tsaye, in danna bakin takalmin. In faɗin babban yatsan hannuna bai samu wuri gaban yatsun ƙafa ba, ajiyewa nake. Gangaren garinmu ba ya ɓoye komai: yatsu su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi.

Wata 'yar uwa, Kaduna: Ku riƙa duba faɗi ma. Ƙafata mai faɗi ce, ƙarin lamba bai raba ni da bororo ba, sai dunduniya ta kama zamewa. Da na samu mai faɗi na huta. A na mata D ake rubutawa, a na maza 2E.

Daga Zariya: Maganar laushi, a shago kowa mai taushi ke burge shi. Ni mai jiki ne, kuma wanda ya cika laushi lotsewa yake da ni, idon sawuna ya yi ta rawa a burji. Matsakaici ya fi zauna mini. Sannan ka tambayi tazarar tudu tsakanin dunduniya da gaba. Pegasus milimita 10 ne, wasu kuwa 5. Lokacin da na koma mai 5, agarata ta yi tsami sosai kafin ta saba, don haka a hankali ake sauyawa.

Mai gudun asuba, Kano: Na gode ƙwarai. To gwanjo fa? Ƙofar Wambai nake shirin leƙawa.

Daga Jos: Ana dacewa, amma nan ne nake jin tsoro. Soson ƙasan takalmin yakan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, alhali saman yana nan fes. Duba gefen soson: in ya yi tamoji kamar tsohuwar katifa, bar shi. Ɗora shi a kan tebur ka kalle shi ta baya, in ya jingina gefe, takun mai shi na farko ne, ba naka ba. Ka roƙi mai kaya ya bar ka ka ɗan yi sassarfa da shi a gaban rumfa kafin ka biya.