Injin kwale-kwale yana mutuwa idan ya yi zafi

Isuhu, Madarumfa: Assalamu alaikum. Injina Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, yana tashi lafiya da safe, amma da zarar ya ɗauki zafi a tsakiyar tafki sai ya mutu, kuma ba ya sake tashi sai ya huce. Na wanke kafireto, matsalar tana nan. Ina zan duba?

Malam Sani, Maradi: Wa alaikumus salam. Wannan ya fi kama da matsalar wuta. A daidai lokacin da ya mutu, ka cire buji, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi da ƙarfen injin nesa da ramin bujin, sannan ka ja igiya. Idan tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi, wuta lafiya take. Idan ja ne mai rauni ko babu shi, ka zargi bobin, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa buji, domin wadda ta fara lalacewa takan yanke wuta idan ta yi zafi.

Habu: Malam ya yi gaskiya, amma kafin ka sayi bobin, ka cire wayar makunnin kashe injin ka gwada, saboda danshi yakan sa ta haɗu da ƙarfe. Akwatin CDI, mai sarrafa lokacin fitar tartsatsin buji, yana da tsada, shi ne abin zargi na ƙarshe.