Teburin TV mai tsawon ƙafa nawa ne zai dace da TV inci 55 a ƙaramin falo?

Uwargidan Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin aikin katako da na lantarki, ina neman shawara. Mun sayi TV inci 55, falon kuma ƙafa 12 ne da ƙafa 14. Bangon da za a jingina teburin ƙafa 7 ne, tsakanin ƙofar shigowa da taga. Gidan haya ne, mai gidan ya ce kada a huda masa bango, saboda haka maganar rataye TV ba ta taso ba. A Kasuwar Katako ta Jos na ga mai ƙafa 4, mai ƙafa 5 da mai ƙafa 6. Wanne zan ɗauka? Akwai dikoda da sitabilaiza da za su zauna a ciki, kuma ina da yara ƙanana.

Kafintan Laranto:

Wa alaikumus salam Hajiya. Mai ƙafa 5 za ki ɗauka, ga dalili.

Incin da aka rubuta a kwali ba faɗin TV ba ne. Awo ne daga kusurwar ƙasa ta gefe ɗaya zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen. Ainihin faɗin TV inci 55 wajen santimita 122 zuwa 124 ne, tsayinsa kuma wajen 69 zuwa 71 ban da ƙafafunsa. To ƙafa 4 ita ma santimita 122 ce. Kin ga in kika ɗauki mai ƙafa 4, bakin TV da bakin tebur za su zo daidai wa daida, wataƙila ma TV ya ɗan leƙo. Duk wanda ya shigo da sauri kafaɗarsa ko jakarsa za ta iya taɓa gilashin, tunda ƙofa na nan kusa.

Abin da ake so shi ne tebur ya fi TV da aƙalla santimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe. Ƙafa 5 santimita 152 ce, za ta bar miki wajen 15 hagu, 15 dama. Mai ƙafa 6 ya fi kyan gani da irin wannan TV, ba na musu, amma bangonki santimita 213 ne kacal. In tebur ya ci 183, saura 30 za a raba biyu. Labulen taga zai riƙa maƙalewa a gefe, ƙofa kuma in ciki take buɗewa za ta riƙa dukan kusurwar teburin har ta ɓare shi.

Ga masu wasu girman da za su karanta: inci 32 faɗinsa wajen santimita 72, inci 43 wajen 96, inci 50 wajen 112, inci 65 wajen 145. A ƙara 20 zuwa 30 a kai, shi ne tsawon tebur.

Zurfinsa, wato daga gaba zuwa baya, kada ya gaza santimita 40, inci 16 ke nan a bakin kafintoci. Akwai siraran tebura masu inci 12 da ake yi don TV na bango, ado ne kawai, ba na ɗaukar kaya ba. Kada mai shago ya lallaɓa ki da shi don ya fi araha.

Sai katakon kansa. Ki duba kaurin allon sama, milimita 18 ake so. Kuma ki leƙa ƙarƙashi: tebur mai ƙafa 5 dole a samu allo a tsaye a tsakiya, ko ƙafa ta biyar a tsakiyar gindinsa. MDF, wato allon garin katako da aka matse, in aka bar shi ya miƙe fiye da santimita 80 ba abin da ya tokare shi, a hankali yake lotsawa ko da kayan ba su da nauyi sosai. Alamar farko ita ce ƙofofin durowa su daina haɗuwa, ɗaya ta hau kan ɗaya.

Mai Gyaran TV Dilimi:

Bayanin Malam Kafinta ya yi. Zan ƙara da abin da ya shafi ɓangarenmu.

Hajiya, kafin ki je kasuwa ki fito da TV ɗin, a ɗaura masa ƙafafunsa, ki sa tef ki auna daga ƙafar hagu zuwa ta dama, daga waje zuwa waje. Yawancin na yanzu ƙafafu biyu gare su a can kusa da gefe, kowace kamar ƙafar kaza, wani nasa tazarar ta kan kai mita guda ko fiye. Wasu kuma gindi ɗaya ne a tsakiya. Ki auna tsawon ƙafar daga gaba zuwa baya ma, ta kan kai santimita 25 zuwa 30. Kowace ƙafa ta zauna ɗungurungum a kan katako, da ragowar aƙalla yatsu uku gaba da baya. Ki kula da teburan da aka zagaye kusurwarsu ko aka yi musu ado mai hawa biyu, domin tsawonsu ƙafa 5 ne a ƙasa amma shimfiɗaɗɗen wurin da TV zai tsaya bai kai haka ba.

Maganar dikoda da sitabilaiza: duka biyun zafi suke fitarwa. Kada a kulle su a durowa mai rufaffen baya. Dikoda, na DStv ne ko GOtv ko StarTimes, a bar masa wajen santimita 5 zuwa 10 a sama da gefe, gabansa a buɗe ko gilashi mai haske, don rimot ba ya ratsa katako. In ya yi zafi sai ya riƙa daskarewa ko ya kashe kansa ya sake tashi, a yi ta zargin eriya. Sitabilaiza kuwa nauyi gare shi, a hawan ƙasa zai zauna, kuma ki auna tsayinsa tukuna, don sau da yawa an sha kai tebur gida a ga bai shiga ba. A bayan teburin a samu rami mai faɗin santimita 6 wanda kan fulogi mai baki uku zai wuce. Ki bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin tebur da bango, kada a danne soket, wayar HDMI ta lanƙwashe a wuya.

Batun yara shi ne ya fi damuna. TV na yanzu ba nauyi, irin naki bai cika wuce kilo 12 zuwa 18 ba, yaro mai rarrafe in ya kama gefensa zai miƙe, tare za su zo ƙasa. Tunda ba a huda bango, a bayan TV akwai ramukan noti guda huɗu da aka yi don ƙarfen ratayewa. A sa madauri biyu masu ƙarfi a ramukan sama, a ja su ƙasa a ɗaure a bayan teburin, a jikin katako mai kauri, ba siririn falankin baya ba. A yi amfani da noti mai tsawon da takardar TV ɗin ta faɗa. Wanda ya yi tsawo yana iya shiga ya taɓa kayan ciki.

Mai Shirya Ɗakin Amare:

'Yar uwa, duk sun yi maganar tsawo, ba wanda ya taɓo tsayi, alhali shi ke sa ciwon wuya. Tsakiyar gilashin ya kamata ya zo daidai idon wanda ke zaune. Ki zauna a kujerar da aka fi zama, wani ya auna daga ƙasa zuwa idonki. A kan kushin ya kan kama santimita 100 zuwa 110. Ki cire rabin tsayin TV, wato 35, ki cire ƙafafunsa wajen 7, sai ya rage kusan 58 zuwa 68. Tebur mai tsayin ƙafa 2 ke nan.

Amma wannan lissafin masu zama a kujera ne. A gidajenmu da yawa kujerun na baƙi ne, kallo a kan kafet ake yi, an jingina da tumtum, ga yara a kwance. Idon mai zama a ƙasa bai fi santimita 70 zuwa 80 ba. In haka gidanki yake, tebur mai ƙafa 2 ya yi tsayi, kowa zai riƙa ɗaga kai. Ki nemi mai santimita 45 zuwa 50, zai yi wa na kujera da na ƙasa. Gajeren tebur kuma ya fi wuyar kifewa.

Nisa ba matsala. Ko ta wajen ƙafa 12 kika jera kujerun, in an cire zurfin tebur da na kujera, tsakanin ido da gilashi zai kai wajen mita 2.8, ya ishi inci 55. Sai dai ki bar hanyar wucewa ta aƙalla santimita 70 tsakanin teburin tsakiya da na TV, yadda za a buɗe durowa ba sai an ja komai ba. Tagar nan da ke gefe ma ki sa mata labule mai kauri, hasken yamma yana wanke hoto.

Uwargidan Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna, ƙafafun TV ɗin santimita 104 ne tsakaninsu, kuma gaskiya a kafet muka fi zama. To in ba a samu mai ƙafa 5 gajere a kasuwa ba, in bayar a yi min? Da wane katako?

Kafintan Laranto:

Amin Hajiya. Ki bayar a yi, ki rubuta masa a takarda: tsawo ƙafa 5, zurfi inci 16, tsayi inci 19 har da ƙafafu. Allo guda ƙafa 8 ne da ƙafa 4, yana fitar da tsagi uku na kusan inci 16, saboda haka allo ɗaya ya isa gangar jikin, sai ɗan ƙari na ƙofofi.

Filawud mai kyau ko HDF, wato irin MDF ɗin da aka fi matsewa, sun fi MDF jure laima. Ko wanne aka yi da shi, a rufe duk bakin da aka yanka da tef ɗin gefe, har na ƙasa da ba a gani, sannan a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe ko roba masu tsayin inci 3 zuwa 4. Ruwan goge tayil da laimar daminar Jos ta ƙasa suke shiga, allo ya kumbura ya fara dagargajewa, kuma ba ya gyaruwa. In katakon gaske kike so, ki tabbatar ya bushe sarai kafin a yanka, in ba haka ba hunturun farko zai tsage shi ta wajen haɗi. Ranar karɓa ki je da tef ɗinki ki auna a gabansa kafin ki cika kuɗi.