Yaya za mu ce tesseract da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako a kan kalma ɗaya, ko da yake ina jin na kusa kama bakin zaren. Kalmar ita ce tesseract. Mako biyu ke nan kullum bayan isha'i ina karanta wa 'yata wani tsohon littafin yara na Amurka, A Wrinkle in Time na Madeleine L'Engle, wanda ya fito a 1962. Ina karanta Turancin ina juya shi da Hausa, saboda Inna na zaune gefe tana jan carbi, wai ita ba saurare take yi ba.

Ga wanda bai san shi ba: wata yarinya ce, Meg, mai tabarau da saurin fushi, gwanar lissafi amma ba ta jituwa da makaranta. Babanta masanin kimiyya ne, ya ɓace sama da shekara. Wasu tsofaffin mata uku, waɗanda daga baya za a gane ba mutane ba ne, suka ɗauke ta da ƙaninta Charles Wallace ɗan shekara 5 da wani yaro Calvin, suka keta sararin samaniya neman uban. Ba kumbo, ba jirgi. Hanyar da suka bi ita ce tesseract.

Da na zo kan kalmar sai bakina ya mutu. Na ce "hanyar yanke", 'yata ta ce to ai ko yanke aka bi sai an taka. Gaskiyarta. Sai na yi abin da aka yi a littafin, inda ɗaya daga cikin matan ta miƙe gefen tufarta tsakanin hannuwanta biyu. Na jawo ɗankwalin uwar yarinyar na miƙe shi, na ce a ce kiyashi ne a wannan bakin yana son zuwa wancan, ai zai sha tafiya. Sai na haɗe hannuwana, baki ya taɓa baki. Na ce to ga shi ya isa, bai ɗaga ƙafa ba.

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai da kame-kame. Wannan ai naɗe ƙasa ne."

Na yi shiru, don ta gama da ni. Duk wanda ya tashi a gidan da ake hirar waliyyai ya san naɗe ƙasa, abin da Larabawa ke kira ɗayyul ardi: bawan Allah ya yi azahar a Makka, la'asar ta same shi a ƙofar gidansa. Ba gudu ya yi ba, ba tashi sama ya yi ba, nisan ne aka tattare masa. Hoton ɗaya ne sak da na ɗankwalin. Har na so in rufe maganar a nan.

Wani malaminmu na Islamiyya da na ba shi labari ne ya taka min burki. Ya ce karama baiwa ce, ba a koyonta a ɗakin gwaji, kuma ba a kuskure a cikinta. Allah gafarta Malam, na karɓi wannan, domin a littafin ma kuskure aka yi: baban Meg aikin gwamnati yake yi, ya nufi duniyar Mars, ya ɓuge a wata duniya daban inda aka tsare shi. Waliyyi ba ya ɓatan hanya irin haka. Idan yaro ya fara jin naɗe ƙasa a bakin halittun almara, ranar da ya ji ta a majalisin malamai zai ɗauka duk kanwar ja ce. Sannan ga matsala ta biyu, wadda ta fi sauƙi: tsakanin tauraro da tauraro babu ƙasar da za a naɗe.

Wannan gardama ma ba a kanmu aka fara ba. Kamfanonin ɗab'i aƙalla 26 ne suka ƙi littafin kafin a samu mai buga shi, ya kuma ci lambar Newbery, wato lambar yabo ta littattafan yara a Amurka, a 1963. Bayan nan an sha kai ƙorafi a cire shi daga ɗakunan karatun makarantu a Amurka. Marubuciyar Kirista ce mai riƙo da addininta, amma wasu 'yan uwanta Kiristoci suka ce ta cakuɗa addini da tsafi, musamman wurin da yaran suka jero Yesu tare da Buddha da Gandhi da Einstein a cikin masu yaƙi da duhu. Wasu kuma suka ce wa'azi ya yi yawa. Wato littafin tun asali a kan iyaka yake zaune, ƙafa ɗaya a lissafi, ɗaya a gaibu. Kalmar da za mu ba shi ma dole ta iya zama a nan ba tare da ta taka sawun kowa ba.

Sai na koma kan aikatau ɗin. Wata Antina da ke koyar da Hausa ta ce ninkewa na yi wa ɗankwalin, ba naɗewa ba. Tabarma ake naɗewa, zane kuwa ninke shi ake yi. Anti, a hannu kin fi ni gaskiya, amma a kunne fa? Ce wa Bahaushe "ninkin lokaci" ki gani, zai ɗauka lokacin ne ya zama biyu, kamar yadda farashi ke ninkawa. Mu kuwa gajarta muke nufi. Yamutsa da ƙudundune kuwa ɓata abu ne. Tamoji, wanda shi ne zai fi kusa da kalmar wrinkle da ke cikin sunan littafin, na fuskar tsoho ne, kuma ba na son Inna ta ɗauka da ita nake. Naɗe ɗin dai shi ne, don kunnenmu ya riga ya saba jin sa tare da nisa.

To me za a naɗe, tunda ƙasa ta fita? Na gwada sarari, amma "naɗin sarari" bai taɓo lokaci ba. Na gwada zamani, sai ya yi kama da sarautar da aka ƙirƙiro jiya aka naɗa wa wani attajiri.

Wadda ta zauna min ita ce tazara. Ku duba yadda muke amfani da ita. Muna cewa akwai tazara tsakanin Kano da Zariya. Muna kuma cewa tazarar haihuwa, ko tazarar shekara goma tsakanin wa da ƙani. Kalma ɗaya, tana auna wuri tana auna lokaci, ba tare da an matsa mata ba. Abin da Einstein ya sha wahalar nuna wa duniya cewa a haɗe suke, Hausa ta daɗe da zuba su a ƙwarya ɗaya. Kuma abin da matan nan uku suka yi ke nan: sun tsallake nisan taurari, sannan suka dawo da yaran gida kusan a lokacin da suka bar shi.

Don haka shawarata: naɗe tazara a matsayin aikatau, naɗin tazara a matsayin suna. Sun naɗe tazara zuwa wata duniya. Babanta bai ƙware a naɗin tazara ba. Yana shiga jimla ba gargada, mai jin sa zai tuna da naɗe ƙasa ya gane nufin nan take, amma ba a taɓa karamar kowa ba.

Wani abokina malamin lissafi ya ce ban yi masa adalci ba, kuma dole in ba shi filinsa. A lissafi tesseract siffa ce, ba tafiya ba. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Howard Hinton, ya ƙirƙiro sunan a 1888. Murabba'i na da kusurwa 4, dunƙulen Maggi na da 8, ita kuma wannan tana da 16, don a awo huɗu take, ba uku da idonmu ya saba ba. L'Engle aron sunan ta yi ta ɗora masa wani aiki. To Malam, a aji ka ce tesarak, kamar yadda muka karɓi kwamfuta ba mu mutu ba. A labari kuwa a bar min naɗin tazara.

Abin da ya sa nake ta wannan wahala a kan littafin da ya haura shekara 60 shi ne yadda ya kama mu mu uku, kowa ta inda yake masa ƙaiƙayi. Ina ɗan sakandare na fara karanta shi, wani kwafi mai yagaggen bango da na saya a wurin masu tsofaffin littattafai, bayan Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya sa min ƙishin labarin sama. Abin da ya tsorata ni a lokacin shi ne Camazotz, duniyar da aka tsare baban Meg, inda gidaje duk iri ɗaya ne, kuma yaran unguwa ke buga ƙwallo a ƙasa a bugu ɗaya, kamar mutum guda. 'Yata ita Meg take bi, saboda ita ma ana ce mata ta cika taurin kai, ga kuma labari inda taurin kan ne ya yi rana. Ni kuwa yanzu wurin da nake tsoron kaiwa shi ne inda Meg ta samu babanta, ta ɗauka wahala ta ƙare, sai ta tarar da mutum ne kawai, gajiyayye, wanda ya kasa ceto ƙaninta. Ina yaro ban ma lura da wannan babin ba. Inna kuma tambayarta ɗaya ce kullum: ita uwar yaran da aka bari a gida, wa ya gaya mata inda suka tafi?

Jiya mun ci karo da wata sabuwa. Mai mulkin Camazotz ƙwaƙwalwa ce tsirara, ba jiki, kuma da Turanci sunanta IT, wakilin sunan da ba namiji ba mace. Mu kuwa ko dutse sai mun ce shi ko ita. Inna ta ce a kira shi Dodo, 'yata ta ce Dodo ai yana da baki da ciki. Ni na ce Abin, ban dai gamsu ba. Wanda ke da wadda ta fi, ya kawo kafin isha'i.